Tambaya da Amsa: Final Fantasy Tactics da mai tsaron shago

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina tsaron shagon yayana a babbar kasuwar Garwa daga safe har magariba. Na sa wasan Final Fantasy Tactics a waya, amma sai in yi mako ban taɓa shi ba, in na dawo na manta inda na kwana. Yaya zan yi in kai ƙarshensa? Daga mai karatu a Garwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Wasan nan da ya fito a PlayStation a 1997 babi huɗu ne, kuma yaƙi-yaƙi aka tsara shi, don haka yana karɓar tsinta-tsinta. Ka raba aikin biyu. Sayen makamai, canza wa mayaƙa sana'a da kashe makin JP (makin sana'a da mayaƙa ke tarawa a yaƙi) wajen koyon dabaru duk a taswirar duniyar wasan ake yi, minti biyar sun isa idan kasuwa ta lafa bayan azahar. Yaƙi kuwa ka ware masa rabin awa bayan isha'i, ɗaya tak. Fara shi a shago asara ne: mai saye ya shigo, hankali ya rabu, ga mayaƙinka kwance ƙidayar da ke kansa tana sauka daga 3. In ta ƙare ba ka tashe shi ba, ya tafi ke nan da duk abin da ka koya masa.

Babban tarkon yana wajen adanawa. Ka riƙe gurbin adana wasa biyu, ɗaya kullum ya zama wanda ka adana kana kan taswira. A ƙarshen babi na uku, a fadar Riovanes, yaƙe-yaƙe ne a jere, wasan kuma zai tambaye ka ko za ka adana a tsakaninsu. In ka danne gurbinka ɗaya tilo, ka kulle kanka ciki: Ramza, jarumin wasan, zai fuskanci abokin gabarsa Wiegraf shi kaɗai, ba hanyar komawa kasuwa ko horo. Mai lokaci zai iya sakewa daga farko. Kai da ke tara rabin awa-rabin awa, wannan ne zai sa ka yar da wasan.

Kada ka ƙona dararenka kan ɗaga matakin ƙarfin mayaƙa. Dodannin da ke tare hanya suna ƙara ƙarfi daidai da matakin rundunarka, JP da kayan yaƙi ne ke raba gardama. Daga babi na biyu akwai aike a mashayun garuruwan wasan: tura mayaƙan da ba ka shiga fage da su, su dawo da JP da kuɗi.

Kafin ka kashe wasan, rubuta layi ɗaya a bayan littafin bashi: inda za ka nufa, da dabarar da kake tara wa maki. Sannan a zafin Afrilu na Garwa kada ka buga waya tana caji. Cika ta tukuna, ka zare, ka fara.