Kafin ka sayi zanen nan da aka ce na Guercino ne

Ɗan'uwa, na ga tambayarka a kan zanen da dillali ya turo maka, kan wani dattijo yana addu'a, an zana shi da jan alli, wai aikin Guercino ne, shahararren mai zanen Italiya na ƙarni na 17. Na daɗe ina yawon kasuwannin tsoffin kaya a Italiya, kuma shawarata ita ce kada ka biya ko kwabo sai ka ga takardar ba a cikin firam ba.

Irin waɗannan zane-zane gwaji ne. Mai zane zai zaunar da yaron shagonsa ya zana kan yaron ko hannunsa kafin ya yi babban hoton coci, shi ya sa ba kasafai ake sa musu hannu ba. Guercino kuwa, wanda ya rasu a Bolonya a 1666, yana cikin waɗanda aka fi kwaikwaya. 'Ya'yan ƙanwarsa, 'yan gidan Gennari, sun kwafi aikinsa, masu jabu suka ɗora daga nan.

Ɗaga takardar a gaban taga. Ta zamaninsa da hannu ake yin ta daga tsumma, za ka ga layuka sirara a jere, wasu masu faɗi sun ratsa su, wani lokaci har da tambarin masana'anta a ciki. Idan ka taɓa ɗaga shafin tsohon Alƙur'ani rubutun hannu na Kano ka ga jinjirin wata uku, to abin da nake nufi ke nan, waccan takardar ma daga Italiya take. Takarda sumul marar layi sai wajen 1757 ta fito a Ingila. Duba kusurwoyi da baya kuma, ko akwai ɗan hatimin wanda ya taɓa mallakarsa. Frits Lugt, wani masani ɗan ƙasar Holan, ya tattara irin hatiman nan tun 1921, yanzu suna intanet kyauta.

Ni kaina an taɓa yi mini sakiyar da ba ruwa. Na sayi zanen wani waliyyi a durƙushe, ina ta murna, da na cire bayan firam a gida sai na tarar bugu ne na inji, an manne shi da gam a kan kwali. Da na sa gilashin ƙara girma tun a shagon, da na ga ɗigo-ɗigon tawada.

Batun kuɗi kuma, kada labarin Raphael, wani babban mai zanen Italiya, ya ruɗe ka. Nasa na kan wani almajirin Annabi Isa ya kai fam miliyan 29.7 a Landan a 2012, amma waɗanda yaran shago suka zana ba su kusa da haka. Idan ka saya, raba shi da hasken rana da danshin damina, kuma kada ka bari gilashi ya taɓa allin, gogewa yake yi.