Harsashin magnum yana cinye bututun bindiga da wuri?

Tambaya: Malam, ina da bindigar farauta mai cin .308 Winchester, ina kuma sha'awar komawa .300 Winchester Magnum. Wani abokina ya ce magnum tana ƙona bututu nan da nan. Gaskiya ne? Kuma canjin zai amfane ni?

Amsa: Abokinka bai yi ƙarya ba, sai dai ba nan matsalarka take ba.

Mutane da yawa suna zaton gogar harsashi ce ke cinye bututu. Babban mai laifi shi ne wutar albarushi. Kwanson .308 yana ɗaukar albarushi kusan giram 3, na .300 Magnum kuwa ya doshi giram 5, alhali faɗin ramin bututun ɗaya ne. Duk wannan ƙarin wuta ta ƙofa guda za ta fita. Wurin da ke shan wahala shi ne maƙogwaron bututu, wato 'yan santimitocin farko da ke gaban mazaunin kwanso, inda tsagin da ke murɗa harsashi ya fara. Idan aka zura ƙaramar kyamarar duba bututu cikin tsohuwar magnum, za a ga wurin ya tsattsage kamar laka da ta bushe a rana, gefen tsagin ya daƙushe, amma can gaba wajen baki ƙarfen yana nan sumul kamar sabo. Daga nan harbi ke fara warwatsuwa.

Abin da maharba suka saba gani shi ne .308 tana kai harbi 5,000 ko fiye kafin saitinta ya fara lalacewa, .300 Magnum kuma tsakanin 1,500 da 2,000. Masu ƙaramin rami da babban kwanso sun fi cin bututu. Mummunan sunan da ya bi harsashin .264 Winchester Magnum ke nan, har 7mm Remington Magnum ta fito a 1962 ta ƙwace mata kasuwa.

To amma yi lissafi. Mafaraucin da ke harba harsashi 40 a shekara, har da na gyara saiti, zai yi shekara kusan 40 kafin ya kai 1,500. Mai gasar harbi ne ke kuka da wannan, don shi yana iya ƙarar da bututu a shekara guda. Abin da ke kashe bututun mafarauci da wuri shi ne harbi a jere ba hutu. Ni ƙa'idata, harbi uku, a buɗe bindiga a jingine ta. Idan bututu ya yi zafin da ba za ka iya riƙe shi a hannu ba, ka wuce gona da iri.

Batun amfani kuwa, nan nake ja maka birki. Harsashi mai nauyin giram 11.7 yana fita daga .308 da gudun mita kusan 790 a daƙiƙa, daga magnum kusan 900. Ƙarin gaske ne, amma cikin mita 300 bambancin saukar harsashin ba shi da yawa, barewa kuma ba za ta san wanne ya same ta ba. A kusa ma gudun nan ɓata nama yake yi. Ga bututu mai tsawo, ga nauyi a kafaɗa yini guda, ga tsadar harsashi, ga ƙara. Uwa uba dukan da take yi wa kafaɗa. Na sha ganin maharbi yana runtse ido, yana fizgar kunama tun kafin bindiga ta tashi, shi kuma ya rantse bai motsa ba. Sa masa kwanson gwaji marar albarushi ba da saninsa ba, ka ga yadda bakin bindiga zai yi ƙasa.

Idan manyan dabbobi kake bi a fili mai iska, kana harbi fiye da mita 300, sayi magnum ɗin. Idan ba haka ba, riƙe .308 ɗinka. Kafin ka fitar da kuɗi, ari ta wani ka harba goma, ka duba yadda ukun ƙarshe suka sauka.