Ƙanina yana shan Tramol, ina zan kai shi?

'Yar'uwa, kin ce ƙaninki ya daɗe yana shan Tramol, baya barci, gida kuma ana shawarar gidan mari. Don Allah kada a kai shi can. Sarƙa da bulala ba sa raba mutum da ƙwaya. Kuma daina ta farat ɗaya yana kawo zufa, ciwon gaɓɓai da gudawa, shi ya sa likita ke rage ta sannu a hankali.

Ku je asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano, ko na Barnawa a Kaduna, ko na Kware a Sakkwato. Ki same shi ku biyu, ba gaban mutane ba, ki ce za ki raka shi. In ya ambaci kashe kansa, ko ya yi farfaɗiya, a kai shi asibiti nan take.