Amsa: Baba ya daina fita, kuma ya ƙi asibiti

Malam, na karanta tambayarka kan Baba, wanda ya shekara 40 yana harkar goro a Agege ta Ikko, yanzu yana fama da ciwon ƙafa, ya daina fita, ya ƙi asibiti, ya kuma ƙi a mai da shi Arewa. Allah ya ba shi lafiya.

A ganina kaɗaici ya fi ciwon ƙafar nan cin sa. Waɗanda suka zo Ikko tare, wasu sun rasu, wasu sun koma gida. Can garinsu kuwa yaran da suka taso ba su san shi ba, baƙo zai zama, shi ya sa yake nonnoƙewa. Kawuna haka ya yi a unguwar Idi-Araba ta Ikko: rediyo manne a kunne, shayi ya huce a kofi, gaisuwa ma da ƙyar yake amsawa. Sai muka sa jikansa ya riƙa riƙe masa hannu zuwa masallaci da magariba, ya zauna a majalisa har isha'i. Da aka fara kawo masa ƙarar rikicin 'yan kasuwa ya sasanta, sai ga bakinsa ya buɗe.

Batun asibiti kuma, galibi dattijai ba maganin suke gudu ba. Layi ne tun asuba, ga cunkoson hanya, ga ma'aikata na Yarabanci da Turanci, dattijo kuma ba ya son a ga bai gane ba. Ka raka shi da kanka, ka yi masa tafinta. Ku fara da ƙaramin asibitin unguwa a auna hawan jini da suga, ka kuma tambayi yadda ake rajistar Ilera Eko, inshorar lafiya ta jihar Legas.