Ina da lafiyata, don me zan biya kuɗin inshorar lafiya?

Malam, ka tambaya me zai sa ka zuba kuɗi a KECHEMA, hukumar inshorar lafiya ta jihar Kebbi, alhali ko ciwon kai ba ka yi, kuma ai kula da lafiya aikin gwamnati ne. Kana da gaskiya a rabin maganar. Tun 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa za su ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi ga lafiya, kuma har yau gwamnatin tarayya ba ta cika shi ba.

Amma dubi yadda muke biya yanzu. Fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun iyalai yake fita, ranar da ciwo ya kwantar da mutum. Maƙwabcina a Argungu, da naƙuda ta zo wa matarsa da gardama, a daren ya sayar da buhunan shinkafarsa, har da irin shukar baɗi, da araha. Wannan abu ya tsaya mini a rai.

Inshora gudummawa ce: masu lafiya da yawa su zuba kaɗan-kaɗan, a ɗauki nauyin wanda ya kwanta. Wanda ba shi da ko kwabo kuwa, haƙƙinsa yana kan gwamnati. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 na kuɗin shigar tarayya domin kula da lafiya a matakin farko.

Ni dai shawarata ka yi rajista. Kafin nan ka leƙa asibitin da za ka zaɓa, ka tambayi ko akwai magani a kantinsu da ma'aikacin da ke kwana.