Ku Tambaya Mu Amsa: Ina so in kama ɗakina, nawa zan tara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Shekarata 26, ina aiki a wani kantin magani a Kano, albashina naira 120,000 a wata. Mu huɗu ne a ɗakin soro ni da ƙannena, ga shi ina da niyyar aure nan da shekara biyu. Na ga ciki da falo a bayan gari, naira 300,000 a shekara. Na daɗe ina cewa zan tara, amma ko dubu hamsin ba ta taɓa yin wata biyu a hannuna ba. Ta ina zan fara?
Daga wani matashi, Hotoro, Kano

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kuskuren farko shi ne ka sa 300,000 a ranka. Wannan kuɗin mai gida ne kaɗai, kafin makulli ya zo hannunka akwai masu jira a ƙofa. Dillali zai karɓi la'adarsa, galibi kashi 10 cikin 100, wato 30,000. Takardar yarjejeniya tana da nata kuɗin, wasu gidajen kuma sai ka ajiye kuɗin ɓarna, wanda a baki za a mayar maka ranar tashi, a aikace kuwa sai mai rabo. Ware wa waɗannan biyun 30,000 zuwa 50,000. Sannan da wuya ka shiga gidan haya ba ka sake kwado ba, ba ka gyara famfo ko ragar taga ba.

Sai kayan ɗaki: katifa, ledar ƙasa, labule, fanka, ƙaramar tukunyar gas, tukwane biyu, bokiti da robar tara ruwa. Kada ka yi kirdado. Ɗauki takarda ka shiga Sabon Gari ko Kantin Kwari ranar hutunka, ka tambayi farashin kowanne ka rubuta. Mu ƙaddara sun kama 200,000. Ƙara guzurin wata biyu, kamar 120,000, saboda ciwo ko jinkirin albashi. Ka ga lissafi ya doshi 700,000, ya ninka abin da ka sa a gaba har da ɗoriya.

In kana cire 40,000 duk wata, wata goma sha takwas ke gabanka. Kada wannan ya karya maka gwiwa, don shi ne gwajin da ya kamata ka yi tun kana cin tuwon gida. Ranar da ka tare, agogon hayar baɗi ya fara bugawa: 300,000 a raba gida goma sha biyu, 25,000 ke nan duk wata, mu ce 30,000 don masu gida ba sa rasa dalilin ƙari. Ga kuɗin wuta, ga 'yan garuwa, ga kuɗin shara da na 'yan sintiri, ga cefanen da yanzu Baba ne ke yi. Wanda ya kasa cire 40,000 yana gidan mahaifinsa, in ya fita a wata na goma zai fara kashe waya in ya ga lambar mai gida. Saboda haka daga wannan watan ɗauki kanka ɗan haya. Ranar da alat ya shigo, a ranar za ka biya, kafin kati, kafin shayi, kafin ankon abokin da zai angwance. Jiran abin da ya rage a ƙarshen wata shi ya sa dubu hamsin ɗinka ba ta kwana.

To a ina za a ajiye? Ba a asusun da albashi ke shiga ba, ba kuma wanda ke da manhaja a wayarka ba. Buɗe wani daban, kada ka karɓi katin ATM, ka cika takardar umarni banki ya riƙa tura kuɗin da kansa washegarin albashi. In kana gudun kuɗin ruwa, akwai bankunan da ba sa mu'amala da shi, irin su Jaiz da TAJ da Lotus. Abin dubawa biyu ne: lasisin Babban Bankin Najeriya da inshorar NDIC, hukumar da ke kare ajiyar jama'a a bankuna. Tun 2024 hukumar ke lamunce ajiyar mutum har naira miliyan 5 a bankin kasuwanci, miliyan 2 a ƙananan bankuna, in bankin ya durƙushe.

Adashi yana da amfanin da banki ba shi da shi, wato kunya. Ba za ka iya haɗa ido da uwar adashi ba ka zuba ba. Amma ka nemi ɗaukar tsakiya ko ta kusa da ƙarshe, wadda za ta faɗo daidai lokacin biyan haya. Mai ɗaukar farko bashi ya ci, kuɗin kuma kan narke kafin a ga gida. Ita ɗaukar ƙarshe tata matsalar ita ce waɗanda suka kwashe sukan yi sanyi wajen zubi, don haka mutum shida zuwa goma da kuka san gidajen juna sun isa, a kuma rubuta komai a littafi. Kada ka zuba duka a can, rabi adashi, rabi banki.

Sai tsadar kaya, wadda ita ce garar da ke cin ajiya ba a ji. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 farashi bai zauna ba, a 2024 hauhawar ta haura kashi 30 cikin 100. Ma'ana katifar da ka tambaya yau ba za ta jira ka a farashinta ba. Dabarar iyaye mata wajen haɗa kayan ɗakin 'ya'yansu ita ce daidai a nan: abin da ba ya lalacewa a saye shi da ɗai-ɗai. Wannan watan tukunyar gas, wata biyu gaba fanka, a kai ɗakin Hajiya a ajiye a kwalinsu. Kuɗin haya kaɗai za ka bari tsaba. Talabijin da kujeru su jira, tabarma ba ta taɓa korar baƙo ba.

Kada kuma ka yi abin a ɓoye. Zauna da mahaifinka ka faɗa masa niyyarka, ku yanka abin da za ka riƙa bayarwa a gida, ko 15,000 ce ko buhun gawayi da kuɗin makarantar ƙanwa, ya zama sananne. Hidimar da ba ta da iyaka ita ke cinye ajiya, 2,000 yau, 5,000 gobe. Kuma za ka buƙace shi, don masu gida da yawa a Kano ba sa ba gwauro haya sai wani babba ya tsaya masa.

Ranar biya, kada ka miƙa wa dillali kuɗi a bakin titi. Ga mai gidan ido da ido, tura kuɗin ta banki da sunansa, karɓi rasit da takarda mai ranar shiga da ranar ƙarewa. Duba mita: in mai kati ce, sa a loda ko ta dubu ɗaya ce a gabanka, ka ga ko ana zaftare tsohon bashi, in ta takarda ce nemi bil na ƙarshe. In da hali je ka ga unguwar da damina, watan Agusta, bayan ruwan sama. Ka kuma lissafa kuɗin adaidaita zuwa kanti sau ashirin da shida a wata, don gidan bayan gari mai araha yakan karɓe rangwamensa a hanya.

TAMBAYA: Ni 'yar bautar ƙasa ce, ina tara wani abu daga alawus ɗina na 77,000 don in kama ɗaki kusa da inda nake sa ran aiki. Ƙawata ta nuna mini wata manhaja da ke ba da ribar kashi 30 duk wata. In saka?
Daga wata baiwar Allah, Kaduna

AMSA: Kada ki saka, 'yar'uwa. Babu sana'ar halal da ke ba da kashi 30 duk wata babu faɗuwa. Da kuɗin sababbin shiga ake biyan na farko, shi ya sa ƙawarki ta ga riba, shi ya sa kuma ake matsa mata ta kawo ki. Haka MMM, wata harkar zuba kuɗi irin wannan, ta rufe asusun mutane a Disambar 2016, haka manhajar CBEX ta tafi da kuɗin jama'a a Afrilun 2025. Duk mai karɓar kuɗin jama'a da sunan zuba jari dole ya yi rajista da SEC, hukumar da ke kula da harkokin zuba jari, kuma takardar hukumar rajistar kamfanoni ta CAC da masu irin waɗannan manhajoji ke nunawa rajistar kamfani ce kawai. Ki cire 25,000 duk wata ki kai asusun da ba shi da kati, watanni goma za ki tashi da 250,000. Ki kuma bari takardar ɗaukar aiki ta zo hannunki kafin ki biya haya.