Malam, kallon seri a tele halal ne ko haramun?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni matar aure ce a unguwar Ali Ɗan Sofo nan Maradi, kullum bayan isha'i ni da abokiyar zamana da yara muna zama kallon fim mai dogon zango, na Hausa da na Indiya da aka fassara. Maigida ya ce haramun ne zai cire tele ɗin, amma shi kanshi in ya shigo sai ya tsaya bakin ƙofa da buta a hannu yana tambaya wai yaya aka ƙare da wancan mugun. Mi ne ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗiyata. Asalin abubuwan al'ada halal ne har sai dalili ya hana, kuma son labari Allah ne ya halicce mu da shi, shi ya kira ƙissar Annabi Yusuf mafi kyawun labari a aya ta 3 ta surar. Bukhari da Muslim sun ruwaito Nana A'isha tana kallon Habashawa suna wasa da mashi a masallaci, Annabi (SAW) yana kare ta da mayafinsa har sai da ita ta gaji don kanta. To kallo a karan kansa ba haramun ba ne.

Amma ki lura da abin da ya tsayar da maigidanki bakin ƙofa. Masu shirya seri gwanaye ne, sai an kai daidai inda asiri zai tonu, amarya ta ɗaga labule ta ga wanda bai kamata ta gani ba, sai su yanke su ce sai wani sati, kuma sukan sa ki shaƙu da mutum guda har ki riƙa yi mishi addu'a kamar ɗan ɗakinku. Nan hukuncin yake rataye. Wa kike so ya ci nasara? In fim ya kai ki ga jin haushin mijin da ake ha'inta kina goyon bayan mai ha'incin, ko yana nuna tsiraici da rawa, ko zuwa wurin boka ana samun biyan buƙata, wannan haramun ne, aya ta 30 da 31 ta Suratun Nur sun umarci maza da mata da runtse ido. Na Indiya kam da yawa cikinsu akwai sujada ga gunki, fassara da Hausa ba ta wanke shi, ga yara zaune suna haddacewa.

Na zaman gida da cin amanar kasuwa da wahalar marayu, irin waɗanda Arewa24 ke sawa tun da aka buɗe ta a 2014, in an kiyaye sutura ban ga laifi ba, ba wai na wanke tashar duka ba, kowane shiri da nashi. Wanda ake fitowa a matsayin Sahabbai, kamar na Sayyidina Umar da tashar Larabawa ta MBC ta fitar a 2012, malamai sun saɓa, Azhar ta ƙi shi, ni ma na fi natsuwa da bari.

Sai lokaci. Hadisin Abu Barza ya nuna Annabi yana ƙin hira bayan isha'i, malamai suka ce don kar asuba ta kuɓuce. In kallo ya kai ku sha biyun dare, ko kuɗin cefane na tafiya forfe na intanet jikka bayan jikka, halal ɗin ya koma makaruhi, in salla ta fita lokacinta da saninku ya zama haramun.

Shi maigida yana da ikon tsara gidansa, in ya hana, to ku bi shi, sai dai kar ya ce haramun a kan abin da Allah bai haramta ba. Ki shimfiɗa mishi tabarma ya aje butar ya zauna ku zaɓa tare. Wallahu a'alamu.